Albert Dock na Liverpool: ya dace a kai dattawa, kuma za a iya yin walima a can?

Ummu Safiyya, Manchester

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina neman shawarar waɗanda suka san birnin Liverpool, musamman mazauna can da waɗanda suka taɓa kai baƙi. Iyayena za su zo daga Kano a watan Yuli, idan Allah ya kai mu, domin halartar bikin yaye mu, kuma ina so in ware musu yini guda a wajen Manchester su ga wani abu da ba zagayen kantuna ba. Wurin da aka fi ambata mini shi ne Albert Dock, tsohuwar tashar jiragen ruwa da aka mayar wurin shaƙatawa da taruka, amma hotunan da nake gani duk iri ɗaya ne: jajayen ginshiƙai, ruwa a tsakiya, da mutane zazzaune a bakin gidajen abinci. Da hoto kaɗai ba zan iya sanin ko dattijo zai yi sa'o'i a wurin bai gaji da shi ba.

Baba tsohon jami'in kwastan ne, ya daɗe yana aiki a tashar Apapa kafin ya yi ritaya, kuma mutum ne mai son a yi masa bayanin yadda abu yake aiki, ba ya gamsuwa da a ce masa wuri yana da kyau kawai. Mama kuma tana fama da ciwon gwiwa, ba ta jure doguwar tafiya a ƙasa. Tambayata ta farko ke nan: mene ne ake gani a wurin a zahiri, kuma ya cancanci kuɗin jirgin ƙasa da wahalar hanya ga mutum biyu irin waɗannan?

Ta biyu kuma, na ji cewa ana ɗaukar hayar ɗakuna a cikin tsofaffin sito-siton domin biki ko taro. Ina da niyyar yin 'yar ƙaramar walima ta mutum talatin ko ƙasa da haka, 'yan uwa da abokan karatu, sai na yi tunanin ko za a haɗa ziyarar da walimar a yini ɗaya. Wanda ya san yadda abin yake ta fuskar abincin halal da wurin salla, da kuma ko yanayin wurin ya dace da irin taronmu, don Allah ya taimaka. Allah ya saka da alheri.

Injiniya Bashir, Liverpool

Wa alaikumus salam. Allah ya sanya albarka a karatun, Malama, ya kawo su Baba lafiya. Batun walima zan bar wa waɗanda suka saba shirya taro, amma a kan tambayar farko amsata ita ce ki kawo shi, da sharaɗin ki kawo shi domin ginin, ba domin shagunan da aka zuba a cikinsa ba. Shagunan na kayan tsaraba ne da abinci irin waɗanda ake samu ko'ina a Ingila. Ginin kuwa tsohon jami'in kwastan zai gane kansa fiye da yawancin masu yawon buɗe ido da ke tsayawa ɗaukar hoto a gabansa, domin matsalolin da aka gina shi don magancewa su ne waɗanda ya yi rayuwarsa yana fama da su a Apapa: sata, gobara, jinkirin sauke kaya, da karɓar haraji.

A farkon ƙarni na 19, idan jirgi ya iso Liverpool, sai a jibge kaya a bakin ruwa, a loda su a keken doki, a kai sito-siton 'yan kasuwa da ke warwatse cikin gari. Tsakanin jirgi da sito kaya suna salwanta, waɗanda suka isa lafiya kuma suna kwana cikin gine-gine masu dakalin katako, har gobarar 1802 ta cinye manyan sito-siton Goree da dukiyar da ke cikinsu. Jesse Hartley, wanda ya zama injiniyan tashoshin birnin a 1824, ya haɗa kai da mai zanen gini Philip Hardwick suka kafa sito a kan gaɓar ruwan kanta, ta yadda jirgi zai jingina da ginin a ɗaga kaya kai tsaye zuwa bene. An fara aikin a 1841, kuma Yarima Albert, mijin Sarauniya Victoria, ya buɗe tashar ranar 30 ga Yuli, 1846. Fasalinta kamar tsakar gida ne da ɗakuna suka kewaye, sai dai ɗakunan benaye ne masu hawa biyar, ruwa ne a tsakiya maimakon ƙasa, ƙofofin shiga kuma ƙalilan ne, duk mai shiga da mai fita yana kan idon masu gadi.

Abin da nake jin zai fi jan hankalin Baba shi ne tsarin haraji. Kaya suna shiga waɗannan sito-sito ne a ƙarƙashin kulawar kwastan, ba a biyan ko sisi sai ranar da mai kaya ya zo fitar da su domin sayarwa. Ɗan kasuwa yana iya ajiye ganyen shayi, taba, siliki, sukari, auduga, hauren giwa ko barasa har sai kasuwa ta yi kyau, ba tare da ya kashe jarinsa wajen biyan harajin kayan da bai sayar ba. Wannan ne ya sa aka keɓe tashar ga kaya masu tsada, kuma shi ya sa tagoginta ƙanana ne, bangonta mai kauri, kamar wanda ya gina ta bai yarda da kowa ba.

Ta fuskar gini, shi ne na farko a Birtaniya da aka yi da jan bulo da dutse da ƙarfen zubi zalla, babu katako a cikin abin da ke ɗauke da nauyinsa. Hartley bai tsaya ga lissafi a takarda ba, sai da ya sa aka gina ƙaramin samfuri, aka cika shi da itace da kwalta, aka cinna wuta domin a ga yadda zai jure. Jajayen ginshiƙan da kike gani a hoto na ƙarfen zubi ne, manyan bakunan da aka bari a tsakaninsu kuma ba ado ba ne, wurin da injin ɗaga kaya yake juyawa ne. A 1848 aka sa injinan da ke aiki da matsin ruwa, kuma har yanzu akwai wasu a jikin bango. Ginin nan mai doguwar bututun hayaƙi da ke gefe shi ne inda ake harba ruwan, yau kuwa mashaya ce. Wani abin mamaki shi ne, duk wannan gudun katako a sama ne kawai: a ƙarƙashin harsashi dubban turakun itace ne aka kakkafa, domin ƙasar da aka yi ginin a kai daga bakin kogi aka ƙwato ta.

Idan kun zo, kada ku tsaya a cikin tsakar kawai. Ki fita da Baba ta gefen Kogin Mersey ya dubi inda ruwan kogi yake, sannan ya waiwayo ya dubi inda ruwan tasha yake. A manyan ranakun cikowa, bambancin tsakanin cikar kogin da janyewarsa yana kai wa kusan mita 10. Jirgin da aka bari a buɗaɗɗen kogi zai tashi ya sauka sau biyu a yini, wani lokaci ya zauna a taɓo. Duk hikimar tashoshin Liverpool ita ce a tsare ruwa a bayan ƙyaure ya tsaya cik, kuma sun fara haka ne tun 1715 da tsohuwar tashar da Thomas Steers ya gina, wadda ragowar bangonta yake ƙarƙashin kantunan Liverpool ONE a yau.

Darajar Albert Dock ba ta daɗe ba. An auna ta ne da jiragen da iska ke turawa, masu ɗaukar kimanin tan 1,000, sai ga jiragen tururi sun zo da girman da mashigarta ba za ta ɗauka ba, kuma su buɗaɗɗen fili suke so a sauke a wuce, ba bene ba. Zuwa 1920 jiragen kasuwanci sun kusa daina shiga, sito-siton kawai ake amfani da su. Sojan ruwa sun karɓe ta a Yaƙin Duniya na Biyu, bama-baman Jamus sun lalata wani ɓangare a watan Mayu na 1941, sannan zamanin kwantena ya ƙarasa ta: aiki ya koma Seaforth a bakin teku, aka rufe tashoshin kudu a 1972. Da aka bar ƙyauren ruwa a buɗe, laka ta cika tsakar. An sha kawo shawarar rushe ta duk da cewa tun 1952 aka sa ta a ajin farko na gine-ginen da doka ta kare. Hukumar raya Merseyside da gwamnati ta kafa a 1981 ce ta kwashe lakar ta gyara gine-ginen, gasar dogayen jiragen iska ta 1984 ta jawo jama'a, Yarima Charles ya sake buɗe ta a 1988, aka ƙara mata laƙabin sarauta a 2018. Shiga harabar kyauta ne.

Hajiya Rabi, Liverpool

Wa alaikumus salam, 'yata. Barka da ƙoƙari, Allah ya sa ilimin ya amfane ki ya amfani jama'a. Injiniya ya gama da tarihi, ni zan yi magana a kan gwiwar Mamanki da kuma walima, kuma zan fara da walimar domin amsarta gajeriya ce: ki raba ta da wannan tafiya.

Gaskiya ne ana yin taro a wurin. Akwai otal-otal a cikin sito-siton, gidajen abinci da yawa suna da ɗakin da ake keɓewa, gidajen tarihi ma suna ba da hayar zaure, kuma a maƙwabtaka akwai babban zauren da aka buɗe a 2008, inda jam'iyyar Labour ta sha yin babban taronta na shekara, inda kuma aka yi gasar waƙa ta ƙasashen Turai a 2023. Amma tsarin irin waɗannan wurare bai yi daidai da yadda muke walima ba. Galibi ba a yarda ki shigo da dafaffen abinci daga waje, sai dai ki ci na ɗakin girkinsu, kuma sukan gindaya mafi ƙarancin kuɗin da za a kashe, wanda suke lissafa shi da tunanin baƙi za su sha barasa. Mutum talatin masu shan lemo da shayi za su biya kuɗin kallon ruwa ne kawai. Ga shi kuma lokaci a ƙayyade yake, mu kuwa kin san wanda aka ce ya zo ƙarfe biyu yana iya sallama ƙarfe huɗu da yara uku da ba a lissafa da su ba. A Manchester kina da ƙananan zauruka a Cheetham Hill da Rusholme inda za ki kai tuwonki da dambunki da zoɓonki, kowa ya ci ya ƙoshi, Mama ta zauna ta miƙe ƙafa. Ki yi walimarki a can, ki zo Liverpool da iyayenki kaɗai.

Sai batun lokaci. Ku zo tsakiyar mako da safe, kuma idan da hali kafin makarantun Ingila su tafi hutu a wajen ƙarshen Yuli. Yammacin Juma'a da Asabar wurin yana canja kama, domin yawancin gidajen abincin mashaya ne kuma, sai ki ga ayarin matasa masu shagalin gabanin aure cikin shigar da ba za ki so ki haɗa ido da Baba ba. A lokacin zafi kuma akan kafa dandalin kiɗa a Pier Head, filin bakin kogi da ke arewa kaɗan da tashar, a toshe wasu hanyoyi, saboda haka ki duba jadawalin birni kafin ki sayi tikiti. Sa'arku ɗaya ita ce kakar ƙwallo ba ta farawa sai Agusta.

Akwai abin da ya wajaba ki sani kafin ki yi wa Baba alkawari. Gidan zane-zane na Tate da ke cikin tashar an rufe shi domin gyara tun Oktoban 2023, gidan tarihin sufurin ruwa da gidan tarihin bauta su ma an rufe su a farkon 2025 domin aikin da zai ɗauki shekaru. A ƙasan gidan tarihin sufurin ruwan ne sashen tarihin kwastan da fasa-ƙwauri yake, wanda da shi zan fara kai Babanki. Ki tabbatar da halin da ake ciki a shafinsu kafin ranar. Gidan tarihin birnin Liverpool, wanda aka buɗe a 2011, yana nan kusa, shiga kyauta ne, yana da lif da kujeru, kuma yana da sashe a kan tashoshi da ma'aikatansu. Gidan tarihin mawaƙan Beatles na kuɗi ne, kuma ban ga abin da zai kai dattijon Bakano can ba.

Jirgin ƙasa mai sauri daga Manchester zuwa tashar Lime Street bai cika awa ɗaya ba. Daga can mai ƙarfi yana tafiya a ƙasa cikin minti ashirin, amma ku ku ɗauki tasi. A harabar akwai wuraren da aka shimfiɗa ƙananan duwatsu irin na da, masu wahalar da gwiwa, saboda haka ku bi ta ƙarƙashin ginshiƙai inda daɓen ya fi santsi kuma akwai rufi idan ruwa ya sauko. Ku riƙo rigar sanyi ko da rana ta fito, domin iskar Mersey ba ta san Yuli ba ga wanda ya taso daga Kano. Idan da yara, a riƙe hannunsu, a wasu wuraren sarƙa ce kawai tsakaninsu da ruwa, kuma tsuntsayen teku suna fizge abinci daga hannun mutum.

Abincin halal kuwa ya fi sauƙin samu a titin Bold da ke tsakiyar gari ko Lodge Lane a Toxteth, inda 'yan Yaman da Somaliya suka daɗe da zama. A wannan unguwa masallacin Al-Rahma yake. A Yuli Azahar tana shiga bayan ƙarfe ɗaya, Magariba kuma sai bayan tara na dare, don haka kuna da sarari ku gama zagaye ku je masallaci a natse.

Malam Nuhu, Leeds

Assalamu alaikum. Ina tare da Hajiya a kan walima. Abin da zan ƙara ya shafi bayanin Injiniya, wanda ban ga kuskure a cikinsa ba, sai dai ya ba mu labarin bulo da ƙarfe ya bar labarin mutane, kuma haka wurin kansa yake yi wa baƙo, musamman yanzu da gidan tarihin bauta yake rufe.

Kuɗin da ya mayar da Liverpool babban gari ya fito ne, kaso mai yawa, daga cinikin bayi. Daga 1699 zuwa 1807, lokacin da Birtaniya ta haramta cinikin, jiragen wannan birni sun yi tafiye-tafiye kusan 5,000, sun kwashi 'yan Afirka kimanin miliyan ɗaya da rabi zuwa nahiyar Amurka. Za a ce an gina Albert Dock ne kusan shekara arba'in bayan haramcin, kuma haka ne. Amma audugar da ke shigowa Liverpool a shekarun 1840 da 1850 domin masaƙun Lancashire, mafi yawanta bayi ne suka noma ta a kudancin Amurka, inda ba a soke bauta ba sai 1865. Kuma 'yan taku kaɗan daga jajayen ginshiƙan akwai busassun ramukan gyaran jirgi na Canning, waɗanda aka gina tun 1765, inda aka riƙa gyara jiragen bayi. Mutane suna wuce su da askirim a hannu. Majalisar birnin ta nemi afuwa a 1999, an buɗe gidan tarihin bauta ranar 23 ga Agusta, 2007, kuma kowace shekara a wannan rana ana yin tattakin tunawa zuwa bakin ruwa. A ganina wannan shi ne taron da ya fi dacewa da wurin a cikin duk tarukan da ake yi.

Ga Bakano kuma akwai wata alaƙa ta kusa. Kamfanin jiragen Elder Dempster na Liverpool ne ya riƙe sufurin Afirka ta Yamma na tsawon zamani, kuma shugabansa Alfred Jones shi ne ya assasa makarantar nazarin cututtukan ƙasashe masu zafi ta Liverpool a 1898, shi ne kuma ya jagoranci ƙungiyar bunƙasa noman auduga ta Birtaniya da aka kafa a 1902. Masu masaƙa sun goyi bayan kai layin dogo Kano da fatan samun auduga, amma da jirgin ya fara ɗaukar kaya a 1912, manoma da fatake irin su Alhassan Ɗantata sai suka ga gyaɗa ta fi riba. Gyaɗa da fatu da ƙiraga da auduga suka riƙa gangarawa Legas, Liverpool kuma tana cikin manyan tashoshin da suke sauka. Kamfanin John Holt na nan ne. A ƙetaren kogi akwai Port Sunlight, garin da masu sabulun Lever suka gina wa ma'aikatansu, kuma su ne suka sayi Kamfanin Neja a 1920, wanda daga baya ya shiga cikin UAC a 1929. Ba a Albert Dock ake sauke waɗannan kaya ba, domin a lokacin ta riga ta yi wa jiragen ƙanƙanta, amma kogin ɗaya ne, gaɓar ɗaya ce. Ɗaliban Najeriya da yawa na shekarun 1950 da 1960 a jirgin Aureol suka zo, bayan kusan mako biyu a teku, kuma a kusa da Pier Head suka fara taka ƙasar Ingila. Zai yi wuya a rasa irinsu cikin malaman Baba ko shugabanninsa na aiki.

Ma'aikatan jirgi 'yan Afirka ta Yamma da suka zauna a Toxteth ba su sha da daɗi ba. A tarzomar Yunin 1919 gungun mutane suka koro wani matashin ma'aikacin jirgi baƙar fata ɗan Bermuda, Charles Wotten, har Queen's Dock da ke kudu kaɗan da inda za ku tsaya, ya mutu a cikin ruwan. Su kansu Turawa 'yan dako ba su da tabbacin aiki: sukan yi cirko-cirko safe da rana ana zaɓen wanda za a ɗauka, sauran su koma gida hannu rabbana, kuma wannan tsari bai ƙare ba sai 1967. Benayen da suka yi dako a ciki yanzu gidajen masu hali ne.

Ina kuma ganin ya kamata a faɗa cewa birnin bai riƙe amanar gaɓar yadda ake yabonsa ba. UNESCO ta sa ta cikin wuraren tarihi na duniya a 2004, ta cire ta a Yulin 2021 saboda sababbin gine-gine a tashoshin arewa, ciki har da shirin filin ƙwallon Everton, wanda daga baya aka gina bayan an cike tashar Bramley-Moore da yashi. Kafin Liverpool wurare biyu kacal aka taɓa yi wa haka, ɗaya a Oman, ɗaya a Dresden ta Jamus.

Idan za ku yi salla, ina ba da shawarar masallacin Abdullah Quilliam a Brougham Terrace. Lauya ne ɗan Liverpool da ya musulunta a 1887, ya buɗe masallacin a 1889, kuma shi ne ya wakilci Sarkin Daular Usmaniyya ta Turkiyya a bikin buɗe masallacin Shitta-Bey a Legas a 1894. An sake buɗe ginin a 2014.

Injiniya Bashir, Liverpool

Malam Nuhu, Allah ya ƙara ilimi, na karɓi ƙarin, musamman batun ramukan Canning, waɗanda ya kamata duk mai zuwa ya tsaya a kansu. Amma a kan UNESCO ba mu haɗu ba. Bramley-Moore ita ma aikin Hartley ce, ta 1848, kuma ina jin zafin cike ta, sai dai ta shafe shekaru a bayan katanga ba mai ganinta, a unguwar da ke cikin mafi talauci a Ingila. An bar bangon tashar a ƙarƙashin yashin ba a fasa ba, an gyara hasumiyar injin ruwanta, kuma yanzu mutum sama da 52,000 suna iya zama a wurin ranar wasa. Albert Dock kanta ba tsoron hukuma ne ya cece ta ba, domin doka ta kare ta tun 1952 amma ta ci gaba da ruɓewa har shekara talatin. Abin da ya cece ta shi ne an samo mata aikin da zai biya kuɗin gyaran rufi, ko da aikin sayar da kofi ne da ba da hayar zaure. Inda na yarda da kai shi ne a kan wa ke cin moriyar, domin ɗan Toxteth da kakansa ya yi dako a wurin ba zai iya sayen ɗaki a benen ba.

Ummu Safiyya, Manchester

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Baba batun sito-siton da ba a biyan haraji sai an fitar da kaya, ya ce su ma sun yi aiki da irin wannan tsari a Legas, kuma yana so ya ga ƙyauren ruwan da idonsa. Hajiya, saura tambaya ɗaya: idan Mama ta gaji da wuri, akwai abin da za ta yi a zaune wanda ba zaman gidan abinci ba, yayin da Baba yake zagayensa?

Hajiya Rabi, Liverpool

Akwai, 'yata, amma kada ki raba su. Ki sa su duka a jirgin fiton Mersey da ke tashi daga Pier Head, zagayen kusan minti hamsin ne, a zaune, da rufi ga mai jin sanyi, kuma ana yin bayani ta lasifika. Daga tsakiyar kogi ne ake ganin tsawon gaɓar gaba ɗaya: Albert Dock, ginin Royal Liver na 1911 mai tsuntsaye biyu a ƙololuwa, wanda fuskar agogonsa ta fi ta Big Ben na Landan faɗi, da tashoshin arewa inda filin da Injiniya da Malam Nuhu suke jayayya a kai yake, sai Baba ya yanke musu hukunci. Gadar da ake bi a shiga jirgin tana yin gangare sosai idan ruwa ya janye, domin dandalin yana iyo ne a kan kogin, saboda haka ki duba jadawalin cikowar ruwa na ranar ki zaɓi tashin da ya fi kusa da cikarsa, kuma ki sayi tikiti ta intanet tun daga gida.